Yaron da Ke Zane a Bayan Littafin Lissafi

Duk wanda ya taso daga Abuja ya nufi Kaduna a mota, Gonin Gora ce ke fara yi masa barka da zuwa, tun kafin ya kai Kakuri, balle ya haye kogi ya shiga tsakiyar gari. Yawancin matafiya ba abin da suke gani a nan sai tireloli da cunkoso da yara masu tallar burodi da ruwan leda. Sai ka sauka ka taka da ƙafa, ka bar bakin titi ka kutsa cikin layuka, sannan za ka lura unguwar cike take da aikin hannun masu zane. Ga kawuna a jere a ƙofar shagon aski, kowanne da irin askinsa. Ga kifi da kaza a bangon mai sayar da kayan sanyi, ga zaki a bayan babbar mota, ga kurciya a allon coci. Uwa-uba katangun makarantun kuɗi na ƙananan yara, waɗanda kamar ba sa cika makaranta sai an yi musu ado da haruffa da lambobi da dabbobi masu launi.

A gaban irin wannan katanga na daɗe ina tsaye. Harafin farko na Turanci, kusa da shi tuffa ja jawur. Can gaba wata yarinya mai jan kumatu da gashi ruwan zinariya tana riƙe da lema. A saman katangar kuwa reshen mangwaro ne ya leƙo daga cikin harabar makarantar. Mai fentin ba shi da laifi, hannunsa ma ya faɗa. Abin da ya gani a littafin da aka miƙa masa shi ya kwafa. To, wa ya zana littafin? Me ya sa ɗan Gbagyi ko ɗan Bajju ko Bahaushen da ke bi ta nan kowace safiya ba ya ganin mai kama da shi a ciki?

Hausa ta ɗora wa kalmar zane kaya da yawa. Mai rubuta allon shago mai zane ne, mai tsara taswirar gida mai zane ne, wanzami yana zane a fuska, har yaron da ya sha bulala cewa ake an zane shi. Wanda nake magana a kansa daban ne: mai zanen da ke rakiyar rubutu. Shi ke yin hotunan littafin yara da na makaranta, da bangon littafin labari, da zanen barkwanci na jarida, da fostar asibiti mai nuna wa uwa yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Bambancinsa da mai zanen da ake ratayawa a bango shi ne, wancan abin da ransa ya so yake yi, a lokacin da ya ga dama. Shi wannan miƙo masa rubutu ake yi, a gaya masa faɗin shafi, a yanka masa rana. Saboda haka kafin ya zama mai zane dole ya zama makaranci. In marubuci ya ce tsohuwa ta shiga ɗaki ta zauna, shi ne zai yanke hukuncin ko a kan tabarma ta zauna ko a kujerar tsuguno, wane irin ɗaurin ɗankwali ta yi, kuma ta ina haske ke shigowa.

Kusan kowane aji a Gonin Gora akwai yaro ɗaya ko yarinya ɗaya da aka sani da wannan baiwa. Shi malamin kimiyya ke kira ya zana zuciya ko ƙwayar ido a allo. Ita ce bayan littafinta na lissafi ya cika da fuskoki da riguna. A makaranta ana yabonsu, amma ranar da suka ce wannan za su karanta a jami'a, amsar gida kusan ɗaya ce, ko a gidan Kirista ko na Musulmi: “Zane kuma? Shi za ka ci?” Uba yana son likita ko lauya, in an rasa a sami ma'aikacin jinya. Abin da uban bai sani ba shi ne, makarantar da ta fi kowace suna a tarihin zanen zamani na Najeriya tana nan cikin jiharsa. Daga tashar Kawo mota ɗaya ce zuwa Zariya, daga nan sai Samaru.

A 1955 aka ɗauko sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya daga Ibadan aka kawo shi Zariya. Malaman kusan duk Turawa ne, in ka cire Clara Ugbodaga-Ngu, kuma abin da ake koyarwa a Ingila shi suka kwaso. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyarsu, wadda daga baya aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Ba dutse suka jefa ba. Cewa suka yi za su karɓi dabarar Bature ta aiki da fensir da fenti, amma abin da za su zana da salon da za su bi daga gida za su ɗauko. Wannan kwaleji ce ta zama ƙashin bayan Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Ana yawan tuna waɗannan mutane da manyan zane-zanen da ke rataye a gidajen tarihi na duniya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da fitowarsu daga Zariya wasunsu aikin littafi suka kama. Uche Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan, nan kudancin Kaduna, shi ya yi hotunan cikin Things Fall Apart na Chinua Achebe a wani bugun da kamfanin Heinemann ya fitar. Onobrakpeya ya yi wa No Longer at Ease, ya kuma yi wa An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi, littafin da duk wanda ya karanta Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East zai gane labarinsa tun daga nesa. Wato dai labarin da aka fara bugawa da Hausa a Zariya ya zaga ya dawo da Turanci, ɗalibin Zariya kuma ya yi masa hotuna.

Ita kanta Zariya ta san darajar hoto a littafi tun kafin kwalejin ta zo. A can Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, a can aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a can aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Lokacin Yaƙi da Jahilci, a shekarun 1950, hukumar NORLA ta fitar da ƙananan littattafai ga manya masu koyon karatu, kuma wanda bai gama haɗa baƙi ba hoto ne ke riƙe masa hannu. Bayanta kamfanin ɗab'i na NNPC ya ɗora daga 1966. Ka tambayi wanda ya yi firamare a Arewa a wancan zamani, sau da yawa zai manta jimlolin littafi amma ya tuna hoton akun Magana Jari Ce. Ka tambaye shi sunan wanda ya zana akun kuwa, sai ya yi shiru. Wannan shirun tsohon ciwo ne a sana'ar, har yau bai warke ba.

Yau in yarinyar Gonin Gora ta buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB tana neman inda aka rubuta zanen littafi ƙarara, da wuya ta samu. A Ingila digiri ne mai zaman kansa na shekara 3, a jami'o'i irin su Falmouth da Kingston da Brighton, har akwai digiri na biyu a zanen littafin yara kaɗai a jami'ar Anglia Ruskin da ke Kambirij. Mu a nan ta taga ake shiga. A Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin tsangayar tsara muhalli, akwai sassa biyu masu maƙwabtaka. Ɗaya na zane da sassaƙa ne, inda ake koyon fenti da sassaƙa da tarihin fasaha da koyar da ita. Ɗayan na tsara kayan masana'antu ne, mai rassa irin su girafik, da zanen yadi, da tukwane da tangaran. A reshen girafik ne zanen littafi ya fi samun wurin zama, tare da tsara haruffa da talla da ɗab'i da ɗaukar hoto. Wanda bai sami gurbi a can ba yana iya bi ta kwalejin ilimi ya yi NCE a zane, ko ta kwalejin fasaha, daga baya ya nemi shiga jami'a kai tsaye.

Matsalar tana farawa tun kafin a kai ƙofar. Makarantun sakandare da yawa ba su da malamin zane, saboda haka yaro mai baiwa yakan gama aji shida bai taɓa zama jarrabawar darasin ba, bai taɓa riƙe gawayin zane ba, bai san ana cakuɗa launi bisa ƙa'ida ba. A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda suka nemi wani kwas suka rasa, aka turo su nan don kada su zauna a gida. Sai aji ya haɗa mai so da wanda aka yi wa auren dole.

Me ake koya a shekara huɗun jami'a? Abu na farko da yakan girgiza sabon ɗalibi shi ne, abin da ya kawo shi, wato iya kwafar hoton mawaƙi ko ɗan ƙwallo har a kasa bambancewa, ba shi malamai ke nema ba. Kwafa daga hoto aikin ido ne kawai. Za a zaunar da mutum a gabansa a ce ya zana, ya gane yadda ƙashi ke ɗauke da nama, yadda nauyin jiki ke komawa ƙafa ɗaya in mutum ya gaji da tsayuwa. Za a tura shi kasuwa da tasha da littafin zane, ya kama mai turin baro da mai sayar da tumatir cikin daƙiƙu kaɗan kafin su motsa. Zai koyi yadda abu ke ƙanƙancewa in ya yi nisa, da yadda inuwa ke faɗuwa da hantsi da yadda take faɗuwa da la'asar. Sannan a liƙa aikinsa a bango, malami da 'yan aji su yi masa fata-fata. Wannan suka a bainar jama'a, a ganina, ita ce babbar ribar jami'a. YouTube zai koya maka Photoshop da CorelDraw kyauta, amma ba zai dube ka ido da ido ya ce hannun da ka zana ya fi kama da cokali mai yatsu ba.

Karatun yana da tsada ta wata fuska da iyaye ba sa lissafawa. Ɗalibin tarihi littafi yake saya ya karanta shekara guda. Ɗalibin zane kullum cikin sayen abin da ke ƙarewa yake: takarda, fenti, buroshi, tawada, kuɗin buga aiki. Yawancinsu daga waje ake shigo da su, don haka duk lokacin da naira ta faɗi sai su tashi. Daga baya kuma dole sai kwamfuta mai ƙarfi da allon zane irin na Wacom, ga wutar lantarkin da kowa ya san halinta.

Akwai kuma maganar da ba a tsallake ta a gidajen Musulmi, wato hukuncin zana abu mai rai. Malamai sun yi bayani mai yawa a kai, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta a kan abin da ya shafi koyarwa da yara, kuma kowane gida da malamin da yake bi. Ba hurumina ba ne in yi fatawa. Abin da zan iya cewa shi ne, ƙasar Hausa ba baƙuwar ado da alƙalami ba ce. Zayyanar allon sauka, da adon da mahaddata ke yi wa Alƙur'anin da suka rubuta da hannu, da zanen magina a bangayen birnin Zazzau, da aska takwas a wuyan babbar riga, duk ilimin layi ne da launi da daidaito. Su ma Gbagyi, masu asalin ƙasar da Gonin Gora ke kai, suna da Ladi Kwali, wadda ke zana ƙadangaru da kifaye da kunamu a jikin tukwanenta. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma na nan a takardar naira 20.

Sai babbar tambayar uba: ina aikin yake? Gaskiya ita ce wasu ƙofofin da suka ciyar da na da sun rufe. Kakuri, da ke maƙwabtaka da Gonin Gora, ta taɓa zama cibiyar masaƙun ƙasar nan. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, kuma kowace atamfa da ta fito daga can wani ne ya zauna ya zana furenta. Yadin waje mai araha da rashin wuta suka durƙusar da su ɗaya bayan ɗaya, har babbarsu, UNTL, ta rufe a 2007. Jaridu ma sun rage shafuka da ma'aikata. Littattafan soyayya na Kano, da suka cika kasuwa a shekarun 1990, sun fara da bangaye masu zanen hannu, daga baya kwamfuta ta zo aka koma yanko hotuna ana liƙawa, yanzu kuma yawancin labaran a waya ake karanta su. Shi kansa mai rubuta allon shago injin buga fileks ya cinye masa rabin kasuwa.

Amma wasu ƙofofin sun buɗe. Shirye-shiryen koyar da karatu da harshen uwa sun buƙaci hotuna masu yawa. Littattafan Mu Karanta! da aka raba a makarantun Bauchi da Sakkwato da tallafin hukumar USAID misali ne. Sai dai aikin da ya dogara da kuɗin baƙo yana da ranar ƙarewa, ita kanta hukumar, gwamnatin Amurka ta rufe ta a 2025. Kamfanonin ɗab'i irin su Cassava Republic na Abuja suna fitar da littattafan yara masu hotuna. A Legas kamfanin Comic Republic, wanda Jide Martin ya kafa a 2013, ya gina kasuwa da labaran jarumai cikin zane. Kamfanin Kugali ya haɗa hannu da Disney suka fitar da Iwájú a 2024, labarin Legas ta nan gaba. A nan Kaduna ma, bikin littattafai na Kabafest da aka fara a 2017 da bikin littattafan Hausa na HIBAF da ya biyo baya sun zama wuraren da marubuci da mai zane da mai ɗab'i ke haɗuwa. Wanda ke da intanet kuma yana iya zama a ɗakinsa a Gonin Gora ya yi wa marubuciya a Kanada aiki, in ya shawo kan matsalar karɓar kuɗi daga waje.

A duk waɗannan wurare ba wanda zai fara tambayar ka takardar digiri. Cewa za a yi, “Mu ga aikinka.” Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust, wanda zanensa kan bikin 'yar shugaban ƙasa a 2020 ya zaga ƙasar nan cikin yini guda, ba zane ya karanta a jami'a ba. Quentin Blake, wanda ya yi wa littattafan Roald Dahl hotuna har ya shugabanci sashen zanen littafi na babbar kwalejin fasaha ta Landan, adabin Turanci ya fara karantawa. Wannan ba ya nufin jami'a ɓata lokaci ce. Takardar tana da ranarta, musamman ga mai son koyarwa ko aikin gwamnati, kuma Samaru ta fitar da malamai irin su marigayi Gani Odutokun da Farfesa Jerry Buhari, ɗan ƙaramar hukumar Kachia. Abin da misalan ke nunawa shi ne, abin da ke raba mai zanen littafi da mai kwafa karatu ne da lura da mutane. Wanda ba ya karanta jarida ba zai yi zanen siyasa ba, kome kyan hannunsa.

Inda nake ganin makarantunmu sun gaza shi ne wajen ciniki. Ɗalibi yakan fito ya iya zana doki a guje, amma bai san yadda zai yanka wa aikinsa kuɗi ba. Sai a ce masa, “Ɗan zana mana mana, ai minti biyar ne a wurinka.” Ko a ce ya yi kyauta, wai sunansa zai fita. In an biya shi sau ɗaya, sai ya ga hoton a littafi, ya gan shi a kalanda, ya gan shi a jikin riga, ba ko sisi, wani lokaci ma an goge sa hannunsa. Alhali dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta tanadi cewa mallakar aiki ba ta komawa hannun wani sai da yarjejeniya a rubuce. Sayar da izinin amfani da hoto a bugu ɗaya daban, sayar da hoton ɗungurungum daban, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Darasi ne na mako biyu, amma da yawa sai sun ƙone hannu suke koyon sa.

Tun daga 2022 kuma ga sabon abokin takara. Manhajoji irin su Midjourney suna fitar da hoto cikin daƙiƙu in ka rubuta musu abin da kake so, kuma fostocin taro da bangayen littattafai masu irin wannan sheƙi sun fara yawa. Ƙananan ayyukan da sabon mai zane ke fara cin abinci da su, su ne na farko da za su tafi, ba amfanin ɓoye wannan. Sai dai na'urar daga abin da aka tara a intanet take koyo, mu kuwa ba a tara mu da yawa ba. Ka nemi ta ba ka matar Gbagyi ta dawo daga gona, da wuya ta san cewa a kafaɗa take ɗaukar kaya ba a ka ba. Ka nemi zauren malami a Zazzau, sai ta haɗo maka rawanin wata ƙasa da ginin wata. Yarinyar da ta tashi a Gonin Gora ba ta buƙatar a gaya mata waɗannan. Ta ga kakarta, ta shiga kasuwar unguwa, ta san yadda ƙurar hunturu ke dusashe launin komai.

Kafin a koma makaranta a watan Satumba, masu makarantun kuɗi sukan sake fentin katangunsu don jan hankalin iyaye. Mai fenti zai zo da gwangwanayensa da tsani, da yaron da ke riƙe masa buroshi, wanda galibi shi ma irin masu zane a bayan littafin lissafin nan ne. Za a shafe tsohuwar tuffa da farin fenti, a jira ya bushe, sannan mai makaranta ya shiga ofis ya ɗauko littafin da za a kwafa.